Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin Nijar: a bar masana su auna ruwan Arlit, su faɗi abin da suka gani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa, Janar Abdourahamane Tiani, da Ministan Ma'adinai, da shugabannin ARSN, hukumar da doka ta ɗora wa sa ido kan ayyukan nukiliya a ƙasarmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni malamin fizik ne a wata makarantar sakandare a Tawa. Hanyar da ake kira hanyar yuraniyom ta ratsa garinmu, kuma tun ina yaro na saba ganin manyan motoci suna gangarowa daga Arlit da ganguna a bayansu, su nufi Doso da Gaya, su tsallaka zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Mun san abin da ke ciki, amma ba mu taɓa jin cewa namu ne ba. Shi ya sa a watan Yunin 2025, da gwamnati ta ba da sanarwar cewa kamfanin Somaïr mai haƙar yuraniyom a Arlit ya koma hannun ƙasa kacokan, bayan shekarun da Orano na Faransa ke riƙe da sama da kashi 63 cikin ɗari, na yi murna kamar kowa. Washegari a aji yara suna ta hayaniya a kan labarin. Wata ɗaliba da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, tun da dutsen ya zama namu, gubarsa ma ta zama tamu ke nan?" Na ce mata haka ne. Ta ce to wa zai riƙa aunawa ya gaya mana? Ban iya ba ta amsa ba, kuma ku ne kuke da amsar, shi ya sa na rubuto.

Tsorona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Mun karɓi rijiyoyin haƙa da masana'anta da motoci, ina gudun kada mu karɓa har da ɗabi'ar da aka gudanar da su a kanta, wato da zarar masani ya fito da na'urarsa sai a ce masa wannan sirrin tsaron ƙasa ne, ya mayar da ita jaka.

Wannan ɗabi'a ta girmi ƴancin kanmu. Ranar 13 ga Fabrairun 1960, wata shida kafin mu ɗaga tuta, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane a saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. A tuna wane wata ne Fabrairu a wurinmu: tsakiyar hunturu, lokacin da iskar arewa ke kwaso ƙurar sahara ta zuba mana a tukunya da rijiya da huhun jarirai. Gwaji huɗu aka yi a sararin sama a Reggane, sannan aka koma ƙarƙashin dutse a In Ekker aka yi goma sha uku har zuwa 1966, kuma a na ranar 1 ga Mayun 1962 dutsen bai riƙe ba, hayaƙin ya ɓalle ya taɓa har ministocin Faransa biyu da suka zo kallo. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Najeriya a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje, alhali ba ta da cikakken awo a hannu, hankali kawai ta yi aiki da shi. Awon kuwa yana nan. Masanan sojan Faransa sun bi ƙurar rana bayan rana, sun zana taswirar inda ta kai. Aka buga wa taswirar hatimin sirri, ta kwana sama da shekara hamsin a akwati, sai a 2013 aka buɗe ta, duniya ta ga ƙurar ta bazu har Chadi da ƙasashen Afirka ta Yamma. Kakanninmu da suka shaƙi iskar wannan hunturu sun rasu ba wanda ya gaya musu. Ilimi bai gaza ba a wannan lamari, ya yi aikinsa daidai. Mai bindiga ne ya ajiye sakamakon.

Arlit kanta ƴar wannan siyasa ce. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman tagulla suka ci karo da yuraniyom a Azelik, hukumar nukiliyarsu ta ɗora bincike a gefen duwatsun Azbin, domin ƙasar da ta ƙudurta mallakar bam da tashoshin lantarki na nukiliya tana bukatar ma'adinin da ba wanda zai iya hana ta. Aka kafa Somaïr a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, ya fara a 1978, da rami mai zurfin kusan mita 250 a Akouta. Bukatar tsaron wata ƙasa ce ta zaɓi inda masanin duwatsu zai haƙa, ita ta biya kuɗin karatunsa, ita ta yanke tambayoyin da zai yi da waɗanda zai bari. Shekara da shekaru ana awon dutsen Arlit da matuƙar ƙwarewa, a san gram nawa ke cikin tan guda. Awon ruwan da matan Akokan, garin da ke gefen Arlit, ke ɗiba kuwa an bar shi a hannun kamfanin da ke haƙar, wato mai laifi in akwai laifi, shi ne kuma alƙali.

A nan zan faɗi abin da ba daɗin ji, domin ba Faransawa kaɗai ke da hannu ba. A Disambar 2003, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit wadda Almoustapha Alhacen ke jagoranta, masana daga CRIIRAD, wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, suka sauka a Yamai. A filin jirginmu, jami'anmu suka riƙe manyan na'urorinsu. Da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka tafi arewa, suka ɗebo samfurin ruwa, suka shiga kasuwar Arlit inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa. A can suka tarar da bututu da tarkacen da suka fito daga masana'anta suna fitar da tururin nukiliya, ga su a shimfiɗe a ƙasa ana ciniki, irin ƙarfen da talaka ke saye ya yi rufin ɗaki ko ya kai wa maƙeri. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta je ita ma. Rahotonta ya ce a cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun haura ƙa'idar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a wasu titunan Akokan tururin ya kai ninki 500 na yadda ya kamata. Kamfanin Faransa mai haƙar ya musanta abubuwa da yawa a rahoton, amma ya aika aka kwashe ƙasar wuraren da aka nuna. Abin da ke cin raina shi ne, duk lokacin da mutanen Arlit suka ji wani adadi game da ruwansu, baƙo ne ya kawo shi. Ɗan ƙasa mai digirin fizik yana Yamai, ba na'ura, ko kuma ba izini.

Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin sharar dutse da aka tace da ya kai kusan tan miliyan 20. Mutane da yawa suna zaton tun da an cire yuraniyom, abin da ya rage yashi ne kawai. A aji nakan zana wa yara sarƙar a allo: yuraniyom yana rikiɗa ya zama wani sinadari, wannan ya zama wani, har a zo kan radiyom, shi kuma ya haifi iskar radon. Masana'anta yuraniyom kaɗai take cirewa, sama da kashi 80 cikin ɗari na tururin yana nan a sharar. Radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabinsa ya lalace. Radon ba wari, ba launi, kuma bayan taba sigari shi ne kan gaba wajen jawo sankarar huhu. A ƙarƙashin wannan tari akwai ruwan Tarat, wanda garin ke sha, ruwan da ya taru tun zamanin da sahara ke da dausayi, kuma damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba. Duk wannan da alli nake koyar da shi. Na'urar auna tururin ma zana ta nake yi, ɗalibaina ba su taɓa jin ƙararta ba, a ƙasar da a 2022 ta ba Tarayyar Turai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da ta saya.

Ranka ya daɗe, ba ƙasar da ta fi Nijar sanin amfanin masanin da aka bari ya yi magana, domin irinsa ne ya wanke sunanmu a 2003. Na tuna daren da muke zaune a fada, shayi na kan gawayi, rediyo na kan benci, muka ji sashen Hausa yana cewa Amurka na zargin Saddam Hussein da neman yuraniyom daga Afirka, kuma Nijar ake nufi. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Mu da ba mu da wutar da za mu kunna fitila, mu ne za mu ba wani bam?" Shugaba George W. Bush ya faɗi maganar a jawabinsa ga majalisa ranar 28 ga Janairu, yana jingina ta ga gwamnatin Birtaniya. A bayan fage akwai wasu takardu da suka ɓullo ta Rum, masu cewa Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na garin yuraniyom mai ruwan ɗorawa. Tun a Fabrairun 2002 hukumar CIA ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson Yamai ya bincika, ya koma ya ce da wuya hakan ta faru, ganin yadda ake ƙirga kowace ganga daga rami har jirgin ruwa. Ba a saurare shi ba, domin ba amsar da ake so ya kawo ba.

Takardun sun daɗe suna yawo a ofisoshin leƙen asiri kafin a miƙa su ga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, a Fabrairun 2003. Masananta ba su daɗe ba suka gano jabu ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan watan Oktoban 2000 da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, mutumin da ya bar wannan kujera tun 1989. Duk ɗan Nijar mai sauraron labarai da zai kama wannan kuskure. Ranar 7 ga Maris Mohamed ElBaradei ya gaya wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Masanan ma'aikatar makamashi ta Amurka kansu sun riga sun ce bututun alminiyom da ake cewa na tace yuraniyom ne sun fi kama da na rokoki. Kuma duk ɗalibin fizik ya san garin ɗorawa ba bam ba ne: nau'in da ke fashewa kashi 0.7 ne kacal cikin ɗari na abin da ke fitowa daga ƙasa, tashar lantarki tana bukatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5, bam kuwa kusan 90, aikin da ke cin dubban injuna da shekaru. Iraƙi ma tana da ɗaruruwan tan na garin a Tuwaitha tun da, a ƙarƙashin hatimin IAEA.

Duk da haka ranar 20 ga Maris aka fara ruwan wuta a Bagadaza. Masana ba su hana yaƙin ba, kuma da Wilson ya rubuta abin da ya gani a jarida a watan Yuli, cikin kwana takwas aka fallasa cewa matarsa ma'aikaciyar CIA ce, aka kashe mata aiki. Amma saboda an sami hukumar da ba ta karɓar umarni daga mai shirin yaƙi, yau ba mai iya cewa Nijar ta sayar wa Saddam kayan bam. Da a ce IAEA reshen fadar White House ce, da wannan tabo yana goshinmu har gobe. Abin da ya cece mu a ranar shi ne ƴancin masani ya ce wa mai ƙarfi takardarka jabu ce. Ba zai yi kyau mu ci moriyarsa a waje mu hana shi a gida ba.

Ba na cewa maganar tsaro ƙarya ce, Allah ya kiyaye. A Satumban 2010 an sace mutane bakwai daga gidajensu a Arlit. Ranar 23 ga Mayun 2013 ƴan ƙunar baƙin wake sun kai hari barikin soja na Agadas da masana'antar Somaïr a safiya ɗaya, sojojinmu da dama suka rasa rayukansu. Ranar da ayarin motoci zai tashi, da hanyar da zai bi, da yawan dakarun da ke rakiya, da inda ake ajiye nakiyar fasa dutse, duk sirri ne na haƙiƙa, kuma malamin makaranta ba shi da hurumin tambaya. Amma yawan yuraniyom a lita ɗaya ta ruwan famfon Akokan ba zai taimaki ɗan ta'adda da komai ba. Wadda wannan adadi zai amfana ita ce uwar da ke dama wa ɗanta kunu da ruwan.

Akwai misali kusa da mu na yadda ɓangarorin biyu ke aiki tare ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ɗan ƙaramin injin nukiliya na bincike, ƙirar Sin, da aka kunna a 2004, wanda ake amfani da shi wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci. Man da yake aiki da shi, kusan kilo ɗaya, an tace shi zuwa kashi 90, irin wanda ake bam da shi. Da rashin tsaro ya yi ƙamari a arewacin Najeriya, hankalin duniya ya tashi. Hanya mafi sauƙi ga mai kula da tsaro ita ce ya ce a rufe wurin. Ba a yi haka ba. Masanan Zariya da na Sin da Amurka da IAEA suka yi shekaru suna lissafi, a 2018 aka sauya masa mai da aka tace zuwa kashi 13, wanda ba ya bam, a Disamba kuma aka ɗauke tsohon a jirgi aka mayar da shi Sin ƙarƙashin gadin soja. Ghana ta yi irin wannan da nata injin a 2017. Soja ya faɗi abin da yake tsoro, masani ya faɗi abin da zai yiwu, injin kuma yana nan ɗalibai na koyo da shi.

Don haka roƙona ga Mai Girma da hukumomin da na ambata shi ne a raba mai haƙa da mai awo tun yanzu, kafin sabon tsari ya kafu. A da muna cewa kamfanin baƙi ba zai tona wa kansa asiri ba. Kamfanin gwamnati ma ba zai yi ba, ba don shugabanninsa mugaye ne ba, sai don duk wanda albashin ma'aikata da kuɗin baitulmali suka rataya a wuyansa zai ga mummunan awo a matsayin barazana. A ba ARSN kasafin da ba ya bi ta hannun ma'aikatar ma'adinai, da ikon shiga kowane wuri ba tare da sanarwa ba. A ba cibiyar binciken tururin nukiliya ta Jami'ar Abdou Moumouni na'urori da mota da kuɗin mai, ta riƙa ɗibar ruwa da iska da ƙasa a Arlit da Akokan da Ingal a kai a kai, a liƙa sakamakon a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo da Tamashek da Hausa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In ƙungiyoyin garin suka gayyato masani daga waje, ko daga Faransa yake ko Rasha ko Zariya, a bar shi ya wuce filin jirgi da jakarsa. Mai gaskiya ba ya tsoron a sake awo.

Sai maganar takardu. Shekara hamsin na awon ruwa da iska, da bayanan lafiyar ma'aikata, da taswirar inda aka binne kowace shara, suna hannun waɗanda suka tafi. Yanzu da rigimarmu da Orano ke gaban kotun sasanci ta duniya, ina roƙon a sa dawo da waɗannan takardu cikin abin da ake nema, kafaɗa da kafaɗa da maganar kuɗi. In babu su, masananmu za su fara ne kamar makaho a sabon gari. Aikin rufe tarin sharar Cominak kuma kada ya tsaya saboda rigima, domin iskar hunturu ba ta san ana shari'a ba. Haka nan duk sabuwar yarjejeniyar da za a ƙulla a kan filayen yuraniyom na Imouraren ko Madaouela, da kowa za a ƙulla ta, a fito da sashen da ya shafi ruwa da shara da lafiyar ma'aikata kowa ya karanta. Sabon aboki ma don bukatar tsaron ƙasarsa yake zuwa, kamar yadda na farko ya zo.

Abu na ƙarshe da nake roƙo ya fi sauran wuya, domin ba kuɗi yake ci ba. Ranar da wani masani ɗan ƙasa zai zo ya ce rijiya kaza ta gurɓace, a lokacin da ake tsaka da faɗa da abokan gaba na ciki da na waje, za a sami masu cewa ɗan koren Faransa ne, yana son ɓata sunan juyin da ake yi. Ina roƙon kada a saurare su. Robert Oppenheimer, wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin Amurka na farko, an ƙwace masa izinin shiga sirrin ƙasa a 1954 bayan ya nuna adawa da ƙera wanda ya fi shi muni, kuma sai a 2022 gwamnatinsu ta soke hukuncin, shekara 55 bayan rasuwarsa. Masanan da suka ga abin da aka yi masa sun koyi yin shiru. Mu ba mu da masana da yawa da za mu yi asararsu ta wannan hanya. Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken hasken rana a lokacin da hankalin kowa ke kan yuraniyom, domin ya duba abin da talakan Nijar ke bukata, ba abin da mai saye ke so ba. Har yau kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a ƙasar nan, kuma a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, kowa ya gane cewa tambayar da ya yi ta tsaron ƙasa ce ita ma.

Ɗalibar da ta yi mini tambayar za ta rubuta jarrabawar bakaloriya, kuma ta ce fizik take son karantawa a Yamai. Na yi mata alkawarin zan kai tambayarta inda za a iya amsawa. In an fara liƙa awon ruwan Arlit a ƙofar ofishin magajin gari, ina roƙon a aiko mana da kwafi ɗaya Tawa, in karanta wa ajin.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Malamin fizik, Tawa